Jagorar Hidimar Matasa a Ikkilisiyoyin Maraɗi: Yadda Ake Gina Bangaskiya ta Hanyar Sujada da Koyarwa

Duk wanda aka danƙa wa ragamar zumuntar matasa a wata ikkilisiya ta Maraɗi, ko a cikin gari ko a ƙauyukan da ke kewaye, zai gane abu guda tun watan farko, wato tara matasa ba shi da wuya, riƙe su ne aiki. Idan aka buga ganga aka kunna amsa-kuwwa ranar Asabar da yamma majami'a za ta cika, amma idan aka dawo bayan wata uku aka ce kowa ya buɗe Littafi Mai Tsarki, sai a tarar kujeru sun fi mutane yawa. Na yi shekaru a cikin wannan hidima, kuma abin da ya zauna mini a rai shi ne, bangaskiyar da matashi ya saurara kawai daga bakin wani takan kwance da zarar ya bar gida, amma wadda ya karanta da idonsa, ya rera da bakinsa, aka kuma ɗora masa wani nauyi a cikinta, ita ce take binsa har inda ya tafi karatu ko ci-rani. Matakan da ke tafe duk a kan wannan aka gina su.

Ya kamata mai wannan aiki ya tuna inda yake tsaye. Kiristoci a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma kusan rabin mutanen ƙasar yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Saboda haka yaron da ke zaune a gabanka ranar Lahadi wataƙila shi kaɗai ne Kirista a ajinsu ko a garejin da yake koyon aiki. Duk da haka ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Mishan na SIM, wato Sudan Interior Mission, sun fara aiki a Damagaram a 1924, ba da jimawa ba suka zauna a garin Tsibiri kusa da Maraɗi, aka buɗe cibiyar kula da masu cutar kuturta a Danja a 1956, ikkilisiyar EERN, wato Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta tsaya da ƙafarta a farkon shekarun 1960, Katolika kuma suka sami dayosis na Maraɗi, wato yankin da bishop guda yake kula da shi, a 2001. Akwai gidaje a yankin nan da bangaskiya ta kai jikoki da tattaɓa-kunne. Wannan alheri ne babba, sai dai yana da tarko, domin yaron da aka haifa a cikin ikkilisiya yakan ɗauka cewa ya gaji bangaskiya kamar yadda ake gadon gona, alhali ita kowa sai ya karɓa da kansa.

Mataki na farko: ka san su ɗaya bayan ɗaya

Kafin ka tsara ko da taro guda, ka sayi littafin rubutu mai kauri, ka ba kowane matashi shafinsa. Ka rubuta sunansa, shekarunsa, unguwarsu, wajen wanda yake zaune, makarantar da yake ko sana'ar da yake koyo, harshen da ya fi iya karatu da shi, da kuma ko an yi masa baftisma. Kada ka rubuta wani sirri da ya faɗa maka, domin littafi yakan faɗa hannun da ba a zata ba.

Idan ka gama za ka ga cewa mutanen da kake kira da suna ɗaya, wato matasa, ba iri ɗaya ba ne. Akwai ɗalibar da ke shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, akwai ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ya zo daga wata jiha ba shi da kowa a gari, akwai ɗan kabu-kabu da ranar Asabar ce ranar cinikinsa, akwai mai koyon ɗinki a Sabon Gari wadda sai uwar ɗakinta ta sallame ta, akwai kuma ƴaƴan baƙi daga Benin ko Togo ko kudancin Najeriya da Hausarsu ta kasuwa ce. Wanda bai san wannan ba zai riƙa shirya darasi domin ƴan makaranta kaɗai, sauran kuma su janye a hankali ba tare da sun ce uffan ba. Ka raba su aƙalla gida biyu, ƴan shekara 12 zuwa 15 a gefe guda, na sama da haka a ɗaya gefen, domin ƙarami ba ya buɗe baki a gaban yayansa, babba kuma yana jin an raina shi idan aka zaunar da shi da ƙannensa. Sannan ka ziyarci kowane gida ko da sau ɗaya ne, domin ziyarar minti goma tana koya maka abin da wata shida na taro ba za su koya maka ba.

Mataki na biyu: ka shiga ta ƙofar dattawa da iyaye

Zumuntar matasa reshe ce ta ikkilisiya, kuma reshen da ya raba kansa da gindi bushewa yake yi. Ka rubuta shirinka a takarda guda, ka kai wa fasto da dattawa kafin matasa su ji labarinsa. Yadda ka faɗi maganar ma yana da nauyi. Wanda ya ce, "Baba Fasto, ga abin da muke tunani, mun zo neman shawararku da albarkarku," zai fita da goyon baya, amma wanda ya zo da sanarwar abin da ya riga ya yanke zai yi ta fama da tirjiya ba tare da ya san daga inda take fitowa ba. Ka nemi a ba ku dattijo guda da zai riƙa zama da ku lokaci-lokaci, ka kuma nemi mace mai kamun kai daga zumuntar mata ta zama abokiyar jagoranci, domin akwai maganganun da budurwa ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, kuma bai ma dace ta faɗa masa ba.

Wata yarinya mai ƙwazo ta taɓa ɗauke ƙafa daga taronmu, har na fara zaton sanyin zuciya ne ya kama ta. Da na je gidansu, mahaifiyarta tana tankaɗe a tsakar gida, ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, sannan ta ce, "Malam, ba ƙin zuwa take yi ba. Babanta ne ya ce ƴarsa ba ta kai magariba a waje, ku kuwa ba ku tashi sai duhu ya yi." Gaskiyar mahaifin ce. Muka dawo da taro baya da awa ɗaya, kuma a cikin wata guda ƴan mata huɗu suka dawo, waɗanda duk dalilinsu ɗaya ne amma babu wadda ta faɗa.

Mataki na uku: ka bi kalandar Maraɗi

Shirin da aka kwafo daga wata ƙasa yakan mutu a nan saboda bai san damina ba. Shekarar makaranta tana farawa a Oktoba ta ƙare wajen Yuni, kuma daga Yuni zuwa Satumba ƴan ƙauye suna gona, da yawa daga ƴan gari ma sukan koma taya iyaye noman gero da wake da gyaɗa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma babu wanda zai iya bin dogon darasi a ƙarƙashin kwano da ƙarfe uku na rana. Lokacin da ya fi albarka shi ne daga bayan girbi zuwa ƙarshen hunturu, don haka a nan za ka sa koyarwa mai nauyi. A bazara ka gajarta zama, ka fitar da tabarmi ƙarƙashin inuwar bedi, ka ƙara addu'a da waƙa. A watannin jarrabawa ka sassauta wa masu BEPC da BAC, wato jarrabawar kammala babbar sakandare, ka kuma yi musu addu'a da sunayensu a gaban ikkilisiya. A damina kada ka rufe zumunta, ka mayar da ita gona, a yi gayya a gonar gwauruwa ko ta dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, a karanta aya a bakin kunya kafin a ɗauki hauya.

Zama ɗaya a mako ya isa, kuma kada ya wuce awa ɗaya da rabi. Ka fara a kan lokaci ko da mutum uku ne suka zo, domin idan kana jiran masu latti, masu zuwa da wuri kake hukuntawa.

Mataki na huɗu: koyarwa, wadda ita ce kashin bayan aikin

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a mayar da taron matasa ƙaramin wa'azin Lahadi, shugaba ya tsaya yana magana minti arba'in, yara suna kallon ƙasa. Abin da ake bukata shi ne su ne za su buɗe littafin, kai kuma ka riƙe musu fitila. A Nehemiya 8:8 an karanta Shari'a a fili, aka kuma bayyana ma'anarta har jama'a suka fahimta, kuma wannan tsari bai tsufa ba.

Ka fara da Bisharar Markus. Ita ce mafi gajarta a cikin huɗun, sura 16 ce, labari ne ke bin labari, kuma idan aka ɗauki sashe ɗaya daga kowace sura za a gama a wata huɗu, daidai daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A kowane zama ka bi wannan hanya. Mutum ɗaya ya karanta sashen da ƙarfi da Hausa, wani ya sake karantawa da Faransanci idan akwai masu bukata. Sai a rufe littattafai, a ce wani ya ba da labarin da bakinsa kamar yadda zai ba abokinsa a fada, wato wurin hirar samari, sauran kuma su cika abin da ya manta. Wannan sashe yana da muhimmanci ƙwarai ga waɗanda ba su iya karatu ba, domin sau da yawa su ne suka fi riƙe labari, kuma a nan ne suke gane cewa su ma suna da abin bayarwa. Daga nan sai tambayoyi uku: me wannan ya nuna mana game da Yesu, me ya nuna mana game da mutane, kuma mene ne zan yi dabam a wannan mako saboda abin da na ji. A ƙarshe a zaɓi aya ɗaya a haddace tare.

Ga misali daga Markus 4:35-41, inda hadari ya taso a teku Yesu yana barci a bayan jirgi. Bayan an karanta, kada ka yi saurin cewa darasin shi ne mu dogara ga Allah, domin kowa ya san za ka faɗi haka. Ka tambaye su dalilin da ya sa almajiran, waɗanda wasunsu masunta ne da suka saba da ruwa, suka firgita haka. Ka tambaye su abin da ke cikin zuciyar mutum sa'ad da ya ce wa Ubangiji, ashe ba ka damu ba muna hallaka. Sannan ka jawo hankalinsu ga aya ta 41, inda tsoron almajiran ya ƙaru bayan iska ta kwanta, ka bar su su yi kokawa da dalilin. A wani zama da muka yi a kan wannan sashe, wani saurayi mai koyon walda, wanda bai taɓa magana a taro ba, ya daɗe yana murza hularsa a hannu, sannan ya ce shi ma ya yi wa Allah wannan tambayar a daren da ƙanwarsa ta rasu da zazzaɓin cizon sauro, kuma tun daga ranar yake jin kunyar yin addu'a. Ɗaki ya yi tsit. Ban yi masa wa'azi ba, na dai nuna masa cewa almajiran ma sun faɗi haka, Yesu kuma bai fitar da su daga jirgin ba. Da na cika lokacin da maganata, da wannan yaro ya tafi gida da nauyinsa.

Wannan yana nufin sai ka koyi yin shiru. Idan ka yi tambaya, ka jira, ko da shirun ya yi maka tsawo, domin a al'adarmu yaro ba ya saurin magana a gaban babba, kuma idan ka amsa tambayarka da kanka sau biyu sun gane cewa ba amsa kake nema ba. Idan wani ya ba da amsar da ba daidai ba, kada ka kunyata shi, ka ce a koma ga ayar a ga abin da ta faɗa. Haka suke koyon cewa littafin ne alƙali, har a kan shugaba.

Batun harshe yana bukatar kulawa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, daga baya aka sake fassara shi, kuma har yau za ka ga tsofaffi da tsohuwar fassara, matasa da sabuwa. Sunayen wasu littattafai sun bambanta, misali abin da wata fassara ta kira Kubawar Shari'a wata ta kira shi Maimaitawar Shari'a, don haka ka bayyana musu wannan tun da wuri kafin wani ya ce musu alamar canji ce. Ɗalibai da yawa suna karanta Faransanci da sauri amma suna tuntuɓe a rubutun Hausa, saboda ba a koya musu ƙ da ɗ da ɓ ba. Ka ware minti goma a makonnin farko domin wannan. Ina da ra'ayi mai ƙarfi a nan: ko da matashi ya ci BAC, ya haddace ayarsa da Hausa, domin da Hausa yake kuka, da ita zai yi wa kakarsa bayani, da ita kuma abokinsa zai yi masa tambaya. Waɗanda ba su iya karatu ba a sa musu karatun murya a katin waya su riƙa saurare a wurin aiki.

Bayan Markus, tarihin Yusufu a Farawa 37 zuwa 50 yana magana kai tsaye da wanda zai yi nisa da gida, surori shida na farko na Daniyel suna magana da wanda yake shi kaɗai a aji, Ayyukan Manzanni suna nuna yadda ikkilisiya ta fara da mutane kaɗan, wasiƙar Bitrus ta fari kuma an rubuta ta ne ga masu bi da ke warwatse a tsakanin mutanen da ba su yarda da su ba. A tsakanin waɗannan ka saka ginshiƙai, wato Dokoki Goma a Fitowa 20, Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6:9-13, da ma'anar baftisma da Jibin Ubangiji bisa koyarwar ikkilisiyarku, wanda ya fi kyau fasto da kansa ya koyar. Wannan tsari zai ɗauke ku shekara biyu. Kai kuma kada ka taɓa zuwa da darasin da ka duba a hanya. Ka karanta sashen tun ranar Litinin, ka bar shi ya fara yi maka magana kafin ka kai wa wasu.

Mataki na biyar: sujada da suke da hannu a ciki

A shekarata ta biyu na yi kuskuren da har yau yake damuna. Mun tara kuɗi wata da watanni muka sayi kayan kiɗa na lantarki da manyan amsa-kuwwa, matasa suka ninka, na ɗauka farkawa ce ta zo. Da na'urar ta lalace, kuma wuta ta riƙa ɗaukewa a bazarar nan, fiye da rabinsu suka ɓace, waɗanda suka rage kuma ba su iya rera waƙa guda daga farko zuwa ƙarshe ba tare da kiɗa ba. Na gane cewa na koya musu kallo, ban koya musu sujada ba. Kayan kiɗa ba su da laifi, laifin nawa ne da na sa su a gindin gini.

Abin da ya gyara mu shi ne, muka fara karanta kalmomin kowace waƙa a fili, ba ganga ba tafi, kafin mu koye ta. Sai a tambaya: me waƙar nan ta faɗa game da Allah, kuma a ina Littafi ya faɗi haka? Kolosiyawa 3:16 ta haɗa waƙa da koyarwa a wuri ɗaya, domin abin da mutum yake rerawa shi yake gaskatawa a ƙarshe. Wasu waƙoƙin da suke yawo a waya, masu daɗin kiɗa, da aka karanta su haka sai aka ga babu komai a ciki sai alkawarin dukiya da faɗuwar maƙiya, matasan da kansu suka ajiye su. Tsofaffin waƙoƙin da iyayenmu suka haddace kuwa, waɗanda yara suke gani kamar na jana'iza ne, da aka karanta su sai aka tarar da bishara cikakkiya a cikinsu. Ka gayyaci tsohuwa guda daga zumuntar mata ta koya musu biyu ko uku, ta kuma faɗa musu lokacin da waƙar ta riƙe ta.

Sannan ka sa su ƙirƙiri nasu. Ayar da aka haddace a wata, a ba ƙungiya ta mutum huɗu su sa mata murya irin ta gida, mai bayarwa da amshi, da ganga ko ƙwarya ko tafi kawai. Hausa harshe ne mai karin sauti, don haka muryar da aka aro daga waje takan karya kalma har ma'anarta ta ɓace, amma wadda aka gina a kan maganar kanta takan zauna daram, kuma ayar da aka rera ba a mantawa da ita.

Addu'a ma koyonta ake yi. Yawancin matasa suna tsoron addu'a a fili saboda suna zaton sai an iya dogayen kalmomin dattawa. Ka fara da jimla ɗaya ga kowa, ta godiya, a zagaya. Bayan makonni a ƙara roƙo domin wani. Ka koya musu yin addu'a da Zabura, su karanta aya su mayar da ita maganarsu, domin a can za su ga cewa ana iya kawo wa Allah tsoro da fushi da kuka. Ka raba ayyukan sujada a rubuce, mai buɗewa, mai karatu, mai ba da waƙa, mai karɓar baiko, mai share ɗaki da jera kujeru, kuma a riƙa juyawa, kada masu murya su mallake gaba. Wanda yake cikin ƙungiyar mawaƙa ya zama wajibi ya halarci nazarin Littafi, kuma a faɗi wannan ƙa'ida tun ranar shiga. Ka roƙi dattawa su ba matasa karatun Littafi a sujadar Lahadi a kai a kai, domin Lahadin matasa sau ɗaya a shekara ba ta isa ta sa su ji cewa majami'ar tasu ce ba. Game da amsa-kuwwa kuma, a rage ƙara, a kuma san lokutan sallar maƙwabta a girmama su, domin wannan ma shaida ce.

Mataki na shida: ka buɗe fili domin tambayoyi masu wuya

Samarin Maraɗi a fada suke tattauna rayuwarsu, a kan benci, ana dafa shayi. Idan ikkilisiya ba ta da irin wannan wuri, za su kai tambayoyinsu inda za a amsa musu da wani abu dabam. Sau ɗaya a wata ka hura gawayi ka ɗora buta, ƴan mata kuma su yi nasu zaman da jagorarsu. Ka ajiye kwali da za a riƙa jefa tambaya ba suna. Za ka ga abin da ke fitowa: tramol da abokai suke sha don su jure aiki, cacar ƙwallo a waya, hotunan banza, soyayya da wanda ba addini ɗaya ba, matsin auren wuri, da tafiya haƙar zinariya a arewa ko ƙetara hamada. Ka amsa da gaskiya daga Littafi, abin da ya fi ƙarfinka kuma ka ce za ka bincika ka dawo, ka kuwa dawo.

Akwai tambayoyin da kowane ɗalibi Kirista zai sha a makaranta: me ya sa kuke cewa Allah yana da ɗa, ashe ba alloli uku kuke bauta wa ba, ba an canza Linjila ba? Kada ka bar yaro ya fara jin waɗannan a bakin wani. Ku zauna ku duba abin da Littafi ya faɗa, cewa Allah ɗaya ne kamar yadda Yesu da kansa ya tabbatar a Markus 12:29, kuma kalmar Ɗa ba haihuwa ta jiki take nufi ba. Ku gwada amsawa a gajarce. Amma ka riƙa maimaita musu 1 Bitrus 3:15 da ayar da ke biye, inda aka ce a ba da amsa da tawali'u da ladabi. Ka hana su zagin addinin kowa, a baki ko a WhatsApp da Facebook. Matasanmu sun ji labarin majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, sun kuma san yadda aka ƙona wata majami'a a nan Maraɗi a Yunin 2019, don haka tsoro da ɗaci suna kusa. Ka karanta musu Romawa 12:17-21, ka kuma faɗa musu ɗaya gefen labarin, cewa akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu a waɗancan ranaku. Yawancinmu muna da kawu ko gwaggo Musulmi, muna cin naman layyarsu suna cin abincin Kirsimetinmu, kuma matashin da ya iya riƙe bangaskiyarsa ba tare da ya yanke zumunci ba ya fi wanda ya iya gardama amfani.

Mataki na bakwai: amana

Kuɗin zumunta kada su kwana a aljihun shugaba. A zaɓi ma'aji da mai rubutu, a ƙirga a gaban mutum biyu, a karanta lissafi kowane wata, ko da dala ashirin-ashirin ake tarawa. Kada shugaba namiji ya keɓe da yarinya a ɗaki ko ya riƙa aika mata saƙo da dare, kuma duk fita, ko zuwa bakin tafkin Madarumfa ne, sai da iznin iyaye da rakiyar manya, bayan an tambayi halin hanya. Idan yaro ya faɗa maka cewa ana cutar da shi, kada ka yi alkawarin rufe maganar, ka kai ta ga fasto da waɗanda ke da alhakin kare shi.

Mataki na takwas: ka shirya waɗanda za su gaje ka da waɗanda za su tafi

Tun shekarar farko ka sa ido a kan mutum uku ko huɗu masu aminci, maza da mata, ba lalle masu baki ba. Bulus ya ce wa Timoti, a wasiƙarsa ta biyu 2:2, ya danƙa abin da ya koya ga amintattu da za su iya koya wa wasu. Ka fara da ba ɗayansu tambaya guda ya jagoranta, bayan wata biyu ka ba shi rabin zama, daga baya ka zauna a baya ya riƙe zaman gaba ɗaya, sannan ku tattauna ku biyu a kan abin da ya yi kyau da abin da za a gyara. Kada ka gyara shi a gaban jama'a. Wanda aka ga yana da kira na musamman a gabatar da shi ga dattawa domin su duba batun makarantar Littafi Mai Tsarki, irin ta garin Agye.

Da yawa daga cikin waɗanda ka yi renonsu ba za su zauna a Maraɗi ba. Wani zai tafi jami'a a Yamai, wani zai bi ta Ɗan Isa ya shiga Katsina ko Kano neman aiki, wata za a kai ta gidan miji a Tasawa ko Dakwaro. Kada ka bari kowa ya sulale. Ranar Lahadin ƙarshe a kira shi gaba, dattawa su yi masa addu'a, a ba shi Littafi Mai Tsarki idan ba shi da nasa, fasto kuma ya rubuta masa takardar gabatarwa zuwa ikkilisiyar garin da za shi. Kai kuma ka nemi lambar wani mai bi a can tun kafin motar ta tashi, ka kira shi ka faɗa masa ranar isowar yaron da tashar da zai sauka. A shafinsa na littafin nan da ka buɗe a mataki na farko ka rubuta ranar tafiyarsa da garin da ya nufa, ka sa wa kanka alama ka kira shi bayan mako biyu, ka tambaye shi ko ya sami majami'a, da kuma surar da ya kai a karatunsa.